Ƙirƙirarriyar basira ba da wankakken allo take fara karatu ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata magana da ta yawaita a bakin masu sharhi, wato cewa manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna koyon komai da kansu ba tare da an dasa musu wani tsari tun farko ba. A ganina maganar ba ta da tushe, ko a kan na'ura ko a kan ɗan Adam.

Duk wanda ya yi kiwo ya ga yadda ɗan akuya, jikinsa bai ko bushe ba, yake miƙewa yana tangaɗi har ya lalubo nonon uwarsa. Masana ilimin halittu suna cewa wannan tsari ne na gado wanda ya taru cikin miliyoyin shekaru, kuma mu ma da namu muke zuwa. A 1991 masanin ƙwaƙwalwa Mark Johnson da abokan aikinsa sun nuna cewa jariri sabon haihuwa ya fi bin zanen da ya yi kama da fuska da ido a kan zanen da aka hargitsa. Abin da ya fi burge ni shi ne na Nikaraguwa, inda aka fara tara yara kurame a makaranta a birnin Managuwa daga 1977. Babu wanda ya koya musu harshen hannu, amma suka ƙirƙiro nasu, ƙannensu da suka biyo baya kuma suka ƙara masa ƙa'idojin nahawu.

Masu waccan magana sukan kafa hujja da AlphaGo Zero, manhajar da kamfanin DeepMind ya fitar a 2017, wadda ta ƙware a wasan Go, wani wasa mai kama da dara da ya samo asali daga ƙasar Sin, ta hanyar karawa da kanta. Sai dai, kamar yadda masanin tunanin ɗan Adam Gary Marcus ya nuna, injiniyoyi ne suka saka mata dokokin wasan da dabarar hango matakai na gaba, kuma fasalin da take duba allon wasan da shi ya samo asali ne daga binciken masana ƙwaƙwalwa Hubel da Wiesel a kan yadda ƙwaƙwalwar kyanwa take sarrafa gani.

Wannan muhawara ta shafe mu kai tsaye. Manhajar Llama 3 ta kamfanin Meta, mai tsara rubutu da amsa tambayoyi, sai da aka ɗura mata gutsattsarin kalmomi kimanin tiriliyan 15, alhali yaro ɗan shekara huɗu a Kano ko Damagaram yana rarrabe "ya tafi" da "ta tafi", yana sarrafa jam'in Hausa mai wuyar sha'ani, da ɗan abin da ya ji a tsakar gida. Rubutun Hausa da ke intanet bai kai ko kusa da wancan adadi ba, saboda haka hanyar da ta dogara ga tarin rubutu kaɗai za ta bar mu a baya. Ina kira ga malamanmu na kimiyyar kwamfuta da na nazarin harshe da su zauna tare su binciki yadda yaranmu suke kama harshe, da irin tsarin da ya kamata a gina wa na'ura domin ta koya daga kaɗan.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya