A nemo mana ciyawar da ba ta gudun kanwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi kira ga masu bincikenmu na NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika, da na IAR, cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru.

A aikin malamin gona na tsufa, kuma na sha ganin yadda gonar rani ke mutuwa a hankali. Inda ruwa ke kwanciya babu magudana, rana ta shanye ruwan ta bar gishiri da kanwa, ƙasa ta yi fari-fari. Wake ba ya jure wannan, kuma in wake ya ƙi, harawa ta ƙi, sai mai turke ya koma sayen dusa da tsada. Amma a bakin irin wannan gonar za ka tarar da kiri-kiri kore shar.

Masana sun gano dalili, yana cikin ƙwayoyin gadon shukar. Akwai wadda ake kira SOS1, aikinta fitar da sinadarin sodiyam daga saiwa zuwa ƙasa. Akwai NHX1, ita kuma takan kulle shi a wani ɗan rumbu cikin ƙwayar ganye don kada ya yi ɓarna. Tun 1999 aka nuna cewa ƙara mata ƙarfi na sa shuka jure ruwan gishiri. Akwai kuma HKT1, tana tare sodiyam ɗin a hanya kafin ya hau ganye. Abin da ya fi burge ni shi ne shuke-shuke da yawa suna da waɗannan ƙwayoyi, bambancin yana wajen saurin tashe su da zarar saiwa ta ji gishiri. Kiri-kiri da ciyawar Rodis har ta bayan ganye suke fitar da shi.

Ba sai an dasa wa shuka baƙuwar ƙwayar gado ba, wadda mutanenmu ke ɗari-ɗari da ita. An inganta shinkafa ta hanyar auren iri da zaɓe, da juriyar da aka samo daga irin Pokkali na Indiya. Me zai hana a yi wa gamba da kyasuwa da waken harawa haka?

Roƙona shi ne a tattaro irin ciyayinmu daga wuraren da kanwa ta fito, a gwada su a Shika da ruwan gishiri, a ware masu juriya, a sayar mana da irin a ƙananan ƙunshi kafin shukar rani.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Samaru, Zariya