Amsa Ga Mai Tambaya: Me Ya Hana Fulorans Zaman Lafiya Alhali Ba Ta Da Sarki?

Assalamu alaikum, Malam.

Ka yi mana tambaya a bainar jama'a: a zamanin da, birnin Fulorans na Italiya ba shi da sarki, shugabanninsa wata biyu kacal suke yi su sauka, to me ya sa jini bai daina zuba ba? A ganinmu, babban dalili shi ne abin da ake yi wa ɓangaren da ya sha kaye.

Tsarin dai an yi masa dabara. Tun 1282 ƙungiyoyin sana'a ke fitar da 'yan majalisar mulki. Dokokin 1293 suka haramta wa manyan gidaje kujerar. Daga 1328 kuma sai a tantance mutane, a rubuta sunayensu, a zuba a jakunkuna, a riƙa zarowa da ƙuri'a.

Amma wanda ya faɗi ba ya komawa gida ya jira zagaye na gaba. Korarsa ake yi, a ƙwace dukiyarsa, a rushe gidansa. A 1260 'yan Gibelin, magoya bayan sarkin daular Rum mai tsarki, suka ci 'yan Gelf, mutanen Fafaroma, a yaƙin Montaperti, suka rushe musu gidaje. A 1267 Gelf suka dawo suka rama. Dandalin da ke gaban fadar gwamnati a yau, wani sashensa kangon gidajen zuriyar Uberti ne, jagororin Gibelin. Abin takaici, da abokan gaba suka kau, sai Gelf suka dare gida biyu, Baƙaƙe da Farare. Baƙaƙe suka samu goyon bayan Fafaroma Boniface na Takwas, Charles na Valois, ƙanen sarkin Faransa, ya shigo birnin a Nuwamba 1301, a 1302 aka kori Farare, har da mawaƙi Dante, wanda ya rasu a Ravenna a 1321 bai sake taka garinsu ba. Korarre kuwa ba shi da hanyar dawowa sai da rundunar baƙi.

Talaka ma ba ya cikin jaka. A Yulin 1378 ma'aikatan ulu suka yi bore, aka ba su ƙungiya tasu, a ƙarshen Agusta aka murƙushe su.

Jakar kanta tana da kafa: wa ke zuba suna? An kori Cosimo na gidan Medici a 1433, ya dawo a 1434, ya kori abokan hamayyarsa na gidan Albizzi, sannan amintattunsa suka riƙa zaɓo sunaye da hannu maimakon ƙuri'a. Shekara talatin ya yi yana juya birnin ba tare da sarauta ba.

Wassalam.