Godiya ga masaƙar hannu ta Kakuri da ta mayar mana da gashin alfaka gwado

Assalamu alaikum Baba mai masaƙa, da Inna mai kaɗi, da yaran da ke aiki a ƙarƙashinku.

Na zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a ne saboda ranar da na zo karɓar kaya kuka ya hana ni magana.

Ni mai ɗan kiwo ce a Rigachikun, tumaki 'Yankasa shida da awaki. Tumakinmu na nan gashi gare su gajere mai kaushi, ba ya kaɗuwa, don haka ban taɓa kawo wa raina cewa kiwo da saƙa za su haɗu a gidana ba. Ƙanena ne da ke zaune a Ingila ya jawo. Maƙwabtansa na kiwon alfaka a 'yar gonarsu, yana taya su riƙe dabbobin ranar aski, su kuma suka ba shi gashin guda ɗaya, wankakke, kusan kilo 3. Ya ɗauko shi tun daga can saboda Hajiyarmu, wadda sanyin hunturu ke kama wa ƙafafu duk shekara.

Alfaka 'yar uwar raƙumi ce, sai dai ba ta da tozo, girmanta kuma bai fi na babban rago da yawa ba. Asalinta tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, kuma har yau Peru ce ta fi kowace ƙasa yawansu. Sau ɗaya ake yi mata aski a shekara. Ƙanena ya ce ba a ajiye ta ita kaɗai, sai cikin 'yan uwanta, wuri ɗaya suke taruwa su yi kashi, cikinta wata 11 ne da 'yan kwanaki, kuma ɗa ɗaya take haifa. Ni da na saba da tagwayen akuya, abin ya ba ni tausayi.

Wurare biyu na kai buhun kafin in zo wurinku. Ɗaya suka ce in cusa a matashin kai.

Ku kuwa Baba, da kuka buɗe shi, sai da kuka daɗe kuna murza gashin tsakanin yatsu kuna ɗaga shi a hasken ƙofa. Kuka ce tun kuna saurayi kuke cikin zare, kun yi aiki a masaƙun Kakuri lokacin da jiniya ke tashin unguwa, waɗanda masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta buɗe musu hanya a 1957, amma wannan ba ku taɓa taɓa irinsa ba. Ba ku yi mini alkawarin komai ba. Kuka auna, kuka rubuta nauyin a gabana, kuka ce in ba ku mako biyu ku gwada ɗan kaɗan tukuna.

Wahalar a wurin Inna ta sauka. Gashin alfaka santsi gare shi, ba ya kama juna kamar auduga, ga shi ba shi da maiƙo irin na ulun tumakin Turai. Na same ta zaune kan tabarma, ta shafa alli a yatsu, tana sakin mazari zaren yana zamewa ya tsinke, ta sake ɗauka ba ko tsaki. Sai da ta gano cewa yana son murɗi fiye da na abawar da ta saba, sannan ya miƙe mata. Kafin nan yaran sun zauna sun tsince ciyayi da gashin da ya yi kauri ɗaya bayan ɗaya, domin dabbar akwai son birgima a ƙasa. Wannan aikin ba wanda zai gan shi a jikin gwado, amma shi ya sa ba ya sukar fata.

Shawarar da kuka yanke ta yin wadari da zaren auduga, a bar alfakar ta tafi a ƙoshiya, ita ta ba gwadon ƙarfi. Kun kuma hana ni rini, kuka ce ruwan ƙasan da Allah ya yi shi da shi ya isa. Gaskiyarku ce. Sannan kun ja mini kunne kan wanki: ruwan sanyi, ba cuɗa, ba matsa, a shanya a kwance a inuwa, in ba haka ba ya cure ya tsuke.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 'yar ledar da kuka miƙo mini da ragowar zare da gashin da bai kaɗu ba, kuka sake ɗora su a sikeli domin in ga lissafi ya cika. Da kun riƙe, wallahi ba zan sani ba.

Hajiya da gwadon take fitowa sallar asuba tun da iska ta juyo, ta ce in gaya muku tana sa ku a addu'a. Allah ya ƙara wa hannuwanku albarka, ya ba Inna lafiyar ido, ya sa yaran nan su gaji sana'ar. Ƙanena ya ce za a sake aski idan zafi ya fara shigowa can wajen watan Mayu, kuma ya riga ya roƙi gashin wata fara. In Allah ya kai mu, wurinku zan kawo.

Taku,
Mai kiwo daga Rigachikun, Kaduna