Amsa ga Malamin da Ya Kira Adam Greenberg Mabaraci

Malam, assalamu alaikum.

Na ga tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a: don me na ɓata shafi guda a kan Adam Greenberg, ɗan wasan besbol na Amurka da ya bar babbar gasar MLB ba tare da sandarsa ta taɓa ƙwallo ba? Ka ƙara da cewa damar da aka ba shi a 2012 sadaka ce, shi kuma mabaraci. Zancen Hausawa ba su san besbol ba, wannan ba zai tsayar da ni ba, don su sani nake rubutu. Kalmar mabaraci ce ta tsaya mini a rai.

Greenberg mai tsaron bayan fili ne, cikin masu cafe ƙwallon da aka doka nesa. Shekara uku ya yi yana fafutuka a ƙananan gasa kafin ƙungiyar Chicago Cubs ta kira shi zuwa MLB. Ranar 9 ga Yuli, 2005, yana da shekara 24, aka sako shi a zagaye na tara a wasa da Marlins. Jifan farko da Valerio de los Santos, mai jifan ƙwallo na Marlins, ya yi masa, mai gudun kusan kilomita 148 a awa, a ƙeya ya same shi. Ya zube ƙasa dafe da kai da hannu biyu. Daga nan sai jiri da ciwon kai, har sunkuyawa ɗaure takalmi ta zame masa azaba. A dokar wasan kuma, wanda jifa ya sama ba a ƙirga masa wannan zuwan a matsayin damar bugu.

Shekara bakwai ya yi yana bin ƙananan ƙungiyoyi, har da Bridgeport Bluefish da ba ta ƙarƙashin MLB. Mai bara ne zai koma gaban ƙwallon da ta kusa kashe shi? Da magoya baya suka tara sa hannu suna neman a sake ba shi damar bugu, Marlins ta ba shi kwantiragin kwana ɗaya. Ranar 2 ga Oktoba, 2012 ya fuskanci R.A. Dickey, mai jifa na New York Mets, wanda ya lashe kyautar Cy Young ta gwanayen masu jifa a shekarar. Jifa uku aka yi masa, bai doki ko ɗaya ba, aka fitar da shi, ba a ɗaga masa ƙafa ba. Kuɗin ranar kuma ya bayar don binciken raunin ƙwaƙwalwa.

Na daɗe ina rubutun wasanni, masu karatu shaida ne ban taɓa kambama wanda bai cancanta ba. Ina zargin tafi kake nema, Malam, domin da amsa kake so da ka karanta shafin har ƙarshe. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba kai kaɗai ba ne: ɗan wasa na jin rauni sai mu buɗe alƙaluma mu ce bai taɓuka komai ba, ba mai tambayar yadda ya kwana.

A inda ka furta kalmar nan, a nan nake roƙon ka janye ta.

Wassalam.