Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Ministan Lafiya Kan Tsutsar Dubura

Ranka ya daɗe,

Akwai wata tsutsar ciki da ke hana yara barci, amma gwajin bayan gida ba kasafai yake gano ta ba. Likitoci na kiranta Enterobius vermicularis. Fara ce siririya kamar guntun zare, tsawon macen milimita 8 zuwa 13, namijin kuwa bai wuce 5 ba.

A babban hanji take zama. Idan dare ya yi, yaro ya yi barci, macen takan rarrafo waje ta zuba dubban ƙwai a kan fatar da ke kewaye da dubura. Daga nan ƙaiƙayi ke tasowa. Yaro ya sosa cikin barci, ƙwan ya maƙale a ƙarƙashin farce, da safe hannun ya koma baki. Cikin awa 4 zuwa 6 ƙwan ya isa kama wani, kuma yakan rayu mako 2 zuwa 3 a zanin gado, kamfai da kayan wasa. Ko kakkaɓe zani ya isa ya watsa shi cikin iska a haɗiye. Kyanwa da kare ba su da laifi a nan, domin jikin ɗan Adam kaɗai take zama.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, uwa ta kai kashin ɗanta awo, a ce ba a ga komai ba, ta koma gida yaro na ta mutsu-mutsu har asuba. Ai ƙwan a fata yake, ba a cikin kashin ba. A duba duburar da tocila awa 2 zuwa 3 bayan yaro ya yi barci, sau da yawa za a ga tsutsar tana motsi. Ko kuma da sassafe, kafin wanka da shiga bayi, a manna salatif irin wanda ake ganin abu ta cikinsa a wurin, a ɗaga, a liƙa kan gilashi a duba da madubin likita. A yi haka safiya uku a jere. Ga 'yan mata kuma, tsutsar kan ɓata hanya ta shiga gaba, a yi ta maganin sanyi a banza.

Muna roƙo a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci wannan gwajin, a kuma gyara yadda ake ba da magani. Mebendazole miligiram 100 ko albendazole 400 na kashe tsutsar, amma ba ya taɓa ƙwan. Dole a maimaita bayan mako 2, kuma a ba kowa na gidan rana ɗaya. Ƙwaya guda ta maganin tsutsar ciki da ake raba wa ɗalibai ba ta wadatar ba a kan wannan tsutsar. Mai juna biyu da yaron da bai kai shekara 2 ba, sai da shawarar likita.

A saka cikin saƙonnin rediyo cewa a yanke farce, a yi wa yaro wanka da safe, a wanke zannuwa da ruwan zafi, kuma a daina kunyata uwa, domin tsutsar na shiga har gidan masu tsafta.

Allah ya taimake ka.