Zuwa ga ɗana da ke Yamai

Ɗana,

Gaisuwa daga Tawa. Babanka da sauƙi, ƙafar ce dai har yanzu ba ta barinsa zuwa kasuwa.

Kawunka ya dawo da maganar da ta hana ni barci. Wai tun da ka bar seminari, makarantar horar da Fada, ba a ƙara ganinka a Misa ba, ko ran Lahadi. Barin seminarin na daɗe da haɗiye shi, wannan kuwa ya tsaya mini a wuya. Mu nawa ne a ƙasar nan? Ka san cocinmu, gida ɗaya ya ƙi zuwa sai benci ya zauna wayam. A Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci a Zinder da Yamai, wa ya kama hannuna muka tafi Misa jiki na rawa? Ba kai ba ne? Abin da wuta ba ta raba ka da shi ba, yanzu kunyar idon mutane ce za ta raba ka da shi? Haba!

Na san kana cewa ni na tura ka. I, na so in gan ka gaban bagade, wace uwa ce ba za ta so ba? Amma ban taɓa ce maka Fada da Sista kaɗai Allah ke kira ba. Luwi Martin, mahaifin Waliyiya Tereza, ya nemi shiga gidan sufaye aka sallame shi don bai iya Latin ba. Matarsa Zeli ma Sistoci ba su karɓe ta ba. Ya riƙe gyaran agogonsa, ta riƙe saƙarta, suka yi renon 'ya'ya cikin addu'a. A shekarar gobarar nan Paparoma Faransis ya sa su cikin waliyyai, su biyu tare.

Kuma kai ne ka riƙa ba ni labarin Sharl de Fuko, Fadan nan Bafaranshe, yadda ya zauna cikin Buzaye a Tamanraset ta Aljeriya yana koyi da zaman Yesu na Nazarat: aikin hannu, maƙwabtaka, addu'a a ɓoye. Akwai magidanta da ke bin wannan hanya ba tare da sun sa wata riga ba. Garejin da kake gyaran babur ya ishe ka.

Ka yafe mini in na yi zafi. Ran Lahadi ka je katedral, ko bencin baya ne ka zauna. Na ba direba ƙullin cuku da carbin kakarka, ka leƙa tasha ran Asabar da yamma.

Innarka