Motocin da ake gyarawa ta intanet: ina makomar 'yan tokumbo da makanikanmu?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka domin in ja hankali kan wani sauyi da ya shigo harkar mota.

Motocin yanzu manhaja ce ke tafiyar da su, tun daga birki har batir, kuma kamfanin da ya ƙera mota yana iya turo mata gyara ta intanet tana ajiye a ƙofar gida, kamar yadda wayar hannu ke sabunta kanta cikin dare. Kamfanin Tesla ya fara haka a 2012, kuma a Disambar 2023 ta wannan hanya ya yi wa motoci kimanin miliyan 2 gyaran tsarin Autopilot, wato manhajar da ke taimaka wa direba wajen tuƙi, a Amurka.

To, amma mu yawancin motocinmu 'yan tokumbo ne, kuma layin sadarwar da ke cikinsu na ƙasar da aka fara sayar da su ne, saboda haka da yawa suna ƙetaro teku sai hulɗarsu da kamfani ta yanke. Makonni biyu da suka wuce na kai motar yayana wani gareji a Sabon Gari, allon gabanta ya daskare. Mai rewaya, dattijon da furfura ta kama shi a wannan sana'a, ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana dubawa, sannan ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, babu wayar da ta tsinke, wannan sai kamfani." Raina ya sosu, domin ba ƙwarewa ya rasa ba, ƙofa aka rufe masa.

Lamarin har da tsaron rai. A 2015 wasu masana biyu suka shiga kwamfutar wata Jeep Cherokee daga nesa tana tafe a kan titi, abin da ya sa kamfanin Fiat Chrysler da ya ƙera ta ya kira motoci miliyan 1.4 domin toshe ɓarakar. Motar da irin wannan gyara bai iske ta ba haka za ta ɗauki iyali zuwa Kaduna da cutarta.

Ina kira ga hukumar NADDC, mai kula da bunƙasa masana'antar motoci a Najeriya, da ta wajabta wa dillalai su bayyana wa mai saye ko motar tana karɓar sabuntawa a Najeriya. Cibiyar koyar da fasahar sufuri ta NITT kuwa, da ke hanyar Basawa a nan Zariya, ya kamata ta buɗe wa makanikai da masu rewaya horo a kan manhajar mota, da Hausa, a kuɗin da za su iya biya.

Wassalam,
Mai karatunku daga Tudun Wada, Zariya